Birkin Maganaɗisu Tsoho Ne, Hatimin Ofis Kuwa Ba Ya Mayar da Shi Sabo

Abin kallo ne mai ƙayatarwa, shi ya sa ba ya tsufa a wuraren baje kolin kimiyya. A kafa tayar keke a kan katako, a liƙa mata faifan alminiyam, a juya ta har ta ɗauki gudu. Sai a danna makunni, wuta ta shiga wani curin waya da aka naɗe a jikin ƙarfe daf da faifan. Babu abin da ya taɓa tayar, babu ƙara, babu ƙauri, amma gudunta ya karye kamar an tsoma ta cikin zuma. 'Yan kallo su yi tafi. Daga nan akan ji sanarwa cewa an ƙirƙiro birki marar gogayya, wanda zai kawo ƙarshen haɗurran manyan motoci, kuma har an nemi takardar mallakar ƙirƙirarsa.

Tafin ya halatta, domin wanda ya haɗa na'urar ya koyi abu da hannunsa. Sanarwar ce take da gyara. Abin da aka gani a kan katakon, masanin kimiyyar nan na Faransa, Léon Foucault, ya nuna shi tun 1855. Ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakuna biyu na maganaɗisu, ya ga juyin ya yi nauyi, faifan kuma ya ɗauki zafi. Dabarar tsayar da abin hawa da maganaɗisun lantarki gado ce ta kowa da kowa. Wanda ya nemi ya kewaye ta da shinge, da ofishin da ya buga wa shingen hatimi ba tare da ya duba ba, da hukumar da ta karɓi hatimin a matsayin shaidar ƙirƙira, duk sun taru ne a kan ƙwace abin da jama'a suka riga suka mallaka. Wanda ƙwacen ya fi cutarwa kuwa shi ne injiniyan da ya zo da sabon abu na gaskiya.

Birki uku, suna ɗaya

Rabin ruɗanin daga suna yake farawa. Abubuwa uku mabambanta ake kira birkin maganaɗisu, kuma kowannensu yana da tarihin da ya haura shekara 100.

Na farko birkin gogayya ne kamar kowane birki, sai dai maganaɗisun lantarki ne yake jawo abin da zai damƙe tayar, a maimakon ƙarfin ƙafa ko iska ko mai. Granville Woods, baƙar fatan Amurka ɗan jihar Ohayo wanda ya shahara da ƙirƙire-ƙirƙiren jiragen ƙasa, ya samu takardar mallaka a kan birkin maganaɗisun lantarki a 1887. Jiragen ƙasa na cikin gari sun daɗe suna ɗauke da wani dogon maganaɗisu a tsakanin ƙafafunsu, wanda idan an ba shi wuta yakan sauka ya manne wa dogo, ya ja jirgin ya tsaya. Samfurin jirgin cikin gari da ake kira PCC, wanda ya fara aiki a biranen Amurka a 1936, da irin wannan birki ya fito.

Na biyu shi ne wanda babu taɓawa a cikinsa, kuma shi ne ya fi ruɗin masu kallo. François Arago ya lura a 1824 cewa jan ƙarfe, duk da maganaɗisu ba ya kama shi, yana yin tasiri a kan motsin allurar maganaɗisu da ke kusa da shi. Michael Faraday ya bayyana dalili a 1831: idan ƙarfe mai ɗaukar wuta ya yi motsi a cikin ikon maganaɗisu, wutar lantarki takan tashi a cikinsa. Emil Lenz ya ƙara a 1834 cewa wutar da ta tashi kullum tana adawa da motsin da ya haife ta. Wannan wuta tana zagayawa ne a cikin jikin faifan, Faransawa kuma har yau da sunan Foucault suke kiranta. Adawar da take yi ita ce birkin, kuma ƙarfin gudun da aka rage yana komawa zafi a jikin ƙarfen. Kamfanin Telma na Faransa ya yi shekaru da yawa, tun tsakiyar ƙarni na 20, yana ƙera irin wannan na'ura ana ɗaura ta a farfelar manyan motoci da bas-bas. Jirgin Shinkansen na Japan, samfurin 100 da ya fito a 1985, yana da irinta a taragun da ba su da injin. Jirgin ICE 3 na Jamus, wanda ya fara aiki a 2000, yana sauke jerin maganaɗisai su tsaya 'yan milimitoci a saman dogo, dogon kansa ya zama faifan.

Na uku shi ne mayar da injin lantarki ya zama janareta a lokacin rage gudu, a tura wutar cikin batir ko layin wuta. Jiragen ƙasa masu lantarki da suka riƙa ratsa duwatsun yammacin Amurka a kan layin Milwaukee sun yi amfani da wannan tun 1915. Motar Toyota Prius ta kawo shi kasuwar motocin gida a 1997.

Duk wanda ya ce ya ƙirƙiro birkin maganaɗisu, tambayar farko da ta kamace shi ita ce: wanne daga cikin ukun? Kowanne ya zaɓa, akwai wanda ya riga shi, kuma takardar wancan ta daɗe da ƙarewa.

Cinikin da doka ta ƙulla

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mutum ɗaya da jama'a baki ɗaya. Mutumin ya bayyana dabarar da duniya ba ta sani ba, dalla-dalla yadda wani ma'abucin sana'ar zai iya aikata ta. Jama'a su kuma su yarda su hana kansu amfani da ita na wani lokaci sai da izninsa. Birnin Venis ya kafa doka a kan wannan a 1474. Majalisar Ingila ta yi tata a 1624, bayan da sarakuna suka maida ba da izinin mallakar kasuwa hanyar saka wa 'yan fada, har a kan gishiri da katin caca. Dokar ta soke irin waɗannan izini, ta keɓe sabuwar ƙira kaɗai, ga wanda ya fara ƙirƙiro ta, na shekara 14. A yau yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta sa wa'adin shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema, ta kuma gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya ƙunshi matakin ƙirƙira, ya kuma yiwu a yi amfani da shi a masana'anta.

Sharaɗin farko mai tsanani ne, kuma da gangan aka tsananta shi. Sabo a nan ba ya nufin abin da mai shi bai taɓa gani ba, ko abin da ba a taɓa kawowa garinsu ba. Yana nufin abin da ba a taɓa bayyana wa jama'a ba, a ko'ina a duniya, da kowane harshe, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani. Wata tsohuwar takarda da aka shigar da Jamusanci a 1930, wadda babu wanda ya buɗe ta shekara 50, ta isa ta rushe da'awar da aka yi jiya. Mutum yana iya gano abu da kansa, da guminsa, ba tare da ya kwaikwayi kowa ba, doka ta ce masa an riga shi. Wannan ba rashin adalci ba ne. Idan duniya ta riga ta san dabarar, to mai nema bai kawo komai kasuwa ba, kuma babu dalilin da zai sa a biya shi da 'yancin wasu.

Akwai kuma abin da waɗanda ba su saba da harkar ba sukan rasa. Sunan da aka rubuta a saman takarda ba shi ne abin da aka mallaka ba. Abin da aka mallaka yana can ƙarshenta, a cikin jerin jumloli masu lamba da ake kira da'awoyi, waɗanda suke shata iyakar gonar. Takardu masu ɗimbin yawa suna ɗauke da kan magana iri ɗaya game da birkin maganaɗisu, amma da'awar kowace tana iya zama a kan siffar fiffiken da ke sanyaya faifai kawai, ko yadda aka jera curin waya. Saboda haka idan wani ya ɗaga takarda ya ce ya mallaki birkin maganaɗisu, ɗaya daga biyu ne. Ko da'awarsa tana da faɗi, wadda ba za ta tsira a gaban alƙali ba, ko kuwa ƙunci gare ta, wadda ba ta kai abin da yake faɗa ba.

A ƙara sensa, a ce sabo

Masu wayo sun san da'awa mai faɗi ba ta wucewa, sai suka samo wata hanya. A ɗauki tsohon birki, a ƙara masa sensar da ke auna tazara, a haɗa da 'yar ƙaramar kwamfuta, a ce ga birkin maganaɗisu mai kaifin basira. Ko a ɗauke shi daga babbar mota a ɗora wa babur. Ko a cire jan ƙarfe a sa alminiyam. Wataƙila babu wata takarda guda da ta taɓa kawo wannan haɗin daidai da daidai, don haka sharaɗin farko ya cika a zahiri. Domin toshe wannan ƙofa ne aka kafa sharaɗi na biyu.

Kotun Ƙolin Amurka ta fara shata shi a 1851, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood. Wasu mutane sun samu takardar mallaka a kan mariƙin ƙofa da aka yi da yumɓu ko tangaram a maimakon katako ko ƙarfe. Kotun ta ce canza kayan ƙira, ba tare da wata hikima da ta wuce ta ƙwararren ma'aikaci na yau da kullum ba, aikin gwanin sana'a ne, bai kai ƙirƙira ba. Bayan shekara 156, batun ya dawo gaban kotun a kan kayan mota. Kamfanin Teleflex ya yi ƙarar kamfanin KSR na Kanada, wanda ke ƙera wa General Motors fedar totur. Takardar da Teleflex ya dogara da ita ta haɗa abubuwa biyu: feda da direba zai iya matsowa ko ya ja baya daidai tsawon ƙafarsa, da sensar lantarki da ke gaya wa kwamfutar mota iya yadda aka taka. Kowannensu sananne ne. Ranar 30 ga Afrilu, 2007, alƙalan kotun gaba ɗayansu suka yanke cewa da'awar ba ta da inganci. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, su ba da sakamakon da kowa yake tsammani, galibi abu ne da yake a fili ga ma'abucin sana'a. A lokacin motoci suna ƙaura daga wayar totur zuwa lantarki, kuma duk injiniyan da aka ba aikin zai kai ga wannan haɗin.

A ɗora wannan ma'auni a kan birkin maganaɗisu mai sensa. Birkin yana yin abin da Foucault ya ce zai yi. Sensar tana yin abin da aka saye ta domin ta yi. Kwamfutar tana kunna wuta idan tazara ta ragu, kamar yadda ɗalibin aji biyu a sashen injiniya zai tsara. Babu wani abin mamaki da ya fito daga haɗuwarsu. Aiki ne mai kyau na kammala digiri, ya cancanci maki mai yawa, amma bai cancanci a hana sauran mutane yin irinsa shekara 20 ba.

Wa yake biyan kuɗin takardar banza

Wani zai ce ina ruwan kowa, takarda ce a rataye a bango. Tarihin mota kansa ya amsa wannan. George Selden lauya ne na harkar mallakar ƙirƙira a birnin Rochester na jihar New York. A 1879 ya shigar da takardar neman mallakar keken da injin fetur ke tuƙawa, ba tare da ya kai mota kasuwa ba. Ya yi ta gyare-gyare yana jan lokaci har shekara 16, sai a 1895 aka ba shi takardar, daidai lokacin da wasu suka sha wahalar mayar da mota abin sayarwa. Wata ƙungiyar masu ƙera motoci ta riƙe takardar ta mayar da ita ƙofar shiga sana'a: a biya la'ada a kan kowace mota, ko a fuskanci shari'a. Har masu sayen mota aka yi wa barazana a jaridu. Henry Ford ya ƙi biya, aka maka shi a kotu a 1903, ya faɗi a 1909, sannan a 1911 kotun ɗaukaka ƙara ta ce takardar ta shafi wani nau'in injin ne kawai wanda Ford da sauran masu ƙera motoci ba sa amfani da shi. Saura ƙasa da shekara biyu wa'adinta ya cika. Ford yana da kuɗin shari'ar shekara takwas. Ƙananan maƙera da ba su da shi sun biya, kuma kuɗin ya fito daga aljihun masu saye.

A harkar birki, abin da ake asara ya wuce kuɗi. Tirela mai nauyin tan 40 da ta sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 500 tana da ƙarfin da ya kusa megajul 200 da dole a kashe shi. Wannan ya kai a tsayar da ita cak daga gudun kilomita 80 a awa har sau 20 a jere, ko a tafasa ruwa duro uku. Iska da injin suna cinye wani kaso, sauran kuma birki ne zai mayar da shi zafi. Birkin gogayya idan ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa, direba ya taka ya ji wayam. Duk wanda ya san Hawan Kibo a jihar Filato, da irin gawarwakin manyan motocin da akan gani a gefensa, ya san ƙarshen labarin. Amfanin birki marar gogayya a babbar mota shi ne ya ɗauki wannan nauyi a gangare, ya bar birkin taya da sanyinsa domin lokacin da za a buƙace shi. Fasahar da take da irin wannan amfani, wadda asalinta ya zama na kowa, kamata ya yi duk maƙerin da ya iya ya ƙera ta, farashi ya sauko. Takarda ɗaya marar tushe a hannun mai son rigima ta isa ta sa mai zuba jari ya janye, tun kafin a je gaban alƙali.

Hatimin da babu bincike a bayansa

A ofisoshin Turai da Amurka da Japan akwai masu tantancewa, injiniyoyi da aikinsu shi ne su tono tsofaffin takardu su gwada su da da'awar mai nema. Suna kuskure, takardar Teleflex ma ta hannunsu ta wuce, amma aƙalla akwai wanda ya duba. A wasu ƙasashe babu wannan mataki ko kaɗan.

Ostareliya ta gwada irin wannan tsari a 2001, inda ta fito da wata ƙaramar takardar mallaka da ake bayarwa bayan duba cikar fom kawai. Wani lauya a birnin Melbourne, John Keogh, ya so ya nuna illar hakan. Ya shigar da takarda a kan wata na'ura mai siffar da'ira da ke sauƙaƙa sufuri, ya haɗa da zane, aka yi masa rajista. Taya ce. A shekarar aka ba shi lambar barkwanci ta Ig Nobel tare da ofishin da ya buga hatimin. Duk da haka tsarin Ostareliya yana da kariya guda, domin ba a iya kai kowa ƙara da irin wannan takarda sai an nemi a tantance ta. A 2021 ƙasar ta daina karɓar sabbin masu nema a ƙarƙashinsa.

Dokar Nijeriya ta mallakar ƙirƙira da zane, wadda aka kafa a 1970, ta jera sharuɗɗan nan uku a sashenta na farko, kuma ma'aunin sabo a cikinta na duniya ne baki ɗaya. Amma sashe na 4 ya umarci magatakarda ya duba cikar takardu da biyan kuɗi kawai, kada ya shiga binciken ko abin sabo ne. Sashen ya kuma faɗa a fili cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Wanda yake ganin takardar ba ta da tushe, sai ya tafi Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta, da kuɗinsa da lokacinsa. Ma'ana, mutum zai iya kwafo na'urar da aka ƙera a Faransa tun kakansa yana yaro, ya cike fom yadda ya kamata, ya fito da takarda mai hatimin gwamnati.

Dokar ba ta yaudari kowa ba, ta faɗi iyakarta. Yaudarar tana zuwa ne daga baya, lokacin da ɗan jarida ya rubuta cewa gwamnati ta tabbatar da ƙirƙirar wane, ko kwamitin ƙarin girma a jami'a ya ƙidaya takardar daidai da binciken da masana suka tace, ko mai ba da tallafi ya saki kuɗi saboda ganin hatimi. Duk wannan cinikin biri ne a sama. Kuma idan aka saba biyan lada a kan yawan takardu, takardu za a riƙa samarwa, ba birki ba.

Abin da masu kare sassauci suke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce ci gaban injiniya taki-taki yake tafiya, kuma tsananta ma'auni zai hana ƙananan gyare-gyare lada. Gaskiya ne yawancin ci gaba ƙanana ne. Amma ma'aunin bai tambayi girman gyara ba, ya tambayi ko gyaran a fili yake ga ma'abucin sana'a. Ɗan canji a siffar faifai da ya rage zafi fiye da yadda kowa ya zata yana wucewa, komai ƙanƙantarsa. Ga gyaran da bai kai haka ba, ƙasashe irin su Jamus da Japan da Sin suna da wata takarda mai gajeren wa'adi, shekara 10, da sunanta daban, domin kada a ruɗe ta da babbar.

Ta biyu ita ce ƙasa mai tasowa ba ta da kuɗin ɗaukar ɗaruruwan masu tantancewa, kuma sauƙin rajista yana ƙarfafa gwiwar 'yan ƙasa. Matsalar kuɗi gaskiya ce. Sai dai ƙofar da aka bari a buɗe domin ɗan gida, baƙo ma ta nan yake shiga, kuma baƙon ya fi lauyoyi. Kamfanin waje da aka ƙi da'awarsa a Turai, ko aka tilasta masa ya ƙuntata ta, zai iya riƙe ta da faɗinta a inda ba a dubawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba kuma dole ne a fara da gina babban ofis ba. Yarjejeniyar PCT, wadda Nijeriya take ciki, tana samar da rahoton bincike na ƙasa da ƙasa a kan duk takardar da ta bi ta hanyarta, kuma hukumar da ke son ta san nauyin takarda za ta iya neman irin wannan rahoto kafin ta ba da lada.

Ta uku ita ce kotu tana nan, za ta gyara. Kotu tana gyara wa mai iya zuwa kotu ne. Maƙerin da jarinsa bai kai kuɗin lauya na shekara ɗaya ba, wasiƙar gargaɗi guda ta ishe shi ya rufe shago.

Inda sabon abu yake ɓoye

Tsananta ma'auni ba ya nufin an gama ƙirƙira a wannan fage. Birki marar gogayya yana da raunuka da aka sani, kuma a bakin kowannensu akwai aikin da ke jiran mai yi. Ƙarfinsa ya dogara ga gudu, don haka yana raguwa yayin da abin hawa ke rage gudu, ya ɓace gaba ɗaya idan an tsaya. Ba zai iya riƙe mota a kan tudu ba, shi ya sa bai taɓa maye gurbin birkin taya ba, kuma duk mai da'awar cewa nasa zai yi hakan da Faraday yake jayayya. Faifan idan ya yi zafi, ƙarfin birkin yana sauka. Na'urar tana da nauyi, tana kuma shan wutar batir. A jirgin ICE 3 zafin yana shiga dogo ne, maganaɗisun kuma yana iya rikita na'urorin sigina na gefen hanya, shi ya sa ba a kowane layi aka yarda a yi amfani da shi a tsayawar yau da kullum ba.

Misalin ƙirƙira ta gaskiya yana nan kusa. A farkon shekarun 1980, Masato Sagawa a Japan da John Croat a General Motors, kowanne ta hanyarsa, suka samar da maganaɗisu mai ɗorewa na sinadarin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, mai ƙarfin da ba a taɓa samu ba. Wannan ya buɗe damar birkin da ba ya buƙatar wuta, ya kuma haifar da sabuwar matsala: yaya ake kashe maganaɗisun da ba shi da makunni? Injiniyoyin Japan sun warware ta a manyan motoci ta hanyar gusar da jerin maganaɗisan kaɗan, yadda ikonsu zai zagaya a cikin na'urar bai kai ga ƙarfen da ke juyawa ba. Ga matsala da aka ambata da sunanta, ga mafita da ba a fili take ba, ga sakamako da za a iya aunawa. Irin wannan aka yi dokar domin shi.

Mai irin wannan aiki shi ne ya fi kowa buƙatar a tsananta. Idan kowa yana da takarda, tasa ba ta bambanta shi da kowa ba, kuma mai zuba jarin da aka taɓa yaudara da hatimi ba zai sake saurarar mai hatimi ba.

Hanyar ganewa ba ta da tsada. Rumbun Espacenet na Ofishin Mallakar Ƙirƙira na Turai yana ɗauke da takardu fiye da miliyan 100, kyauta a intanet, haka ma Patentscope da Google Patents. An kasa takardun rukuni-rukuni, kuma birki marar gogayya yana ƙarƙashin lambobi irin su B60L 7/28 da H02K 49. Yini ɗaya a cikinsu ya isa ya nuna wa injiniya abin da aka riga aka yi, ya kuma ba shi tarin dabarun da wa'adinsu ya ƙare, waɗanda zai iya ƙerawa ya sayar ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Ƙera tsohon birki mai inganci da araha domin tirelolin da ke sauka gangare aiki ne mai daraja, ko da babu takarda a bango.

Edita ko shugaban sashe ko ma'aikacin banki da aka miƙa wa takardar mallakar birkin maganaɗisu, tambayoyi uku sun ishe shi. Me da'awa ta farko ta ce? Wa ya bincika ta, kuma ina rahotonsa? Wace matsala ta warware wadda na'urorin da ke kan hanya tun shekarun baya ba su warware ba? Mai ƙirƙira na gaskiya zai yi murna da tambayoyin, domin amsarsu ce ya kwana yana nema. Wanda ya fusata da su kuwa, a mayar masa da takardarsa, a nuna masa shekarar 1855.